Ɓarawon Da Ya Ninke Rigar Kwastoma

Sufeto yana jingine da kantar caji ofis, yana duba saƙon albashinsa a waya yana jan tsaki, sai ga Sajan ya shigo riƙe da wani saurayi. Jini na bin gefen fuskar saurayin, rigarsa a yage daga wuya har aljihu.

"Yallaɓai, jami'in haraji ne," in ji Sajan. "Da ƙyar na ƙwato shi a layin teloli. An sace kekunan ɗinki uku a shagon Anti, sun ce shi ya turo ɓarayin."

Tun da gwamnatin jiha ta sanar cewa kasafin kuɗinta ya yi giɓi, ta ƙara haraji don ta cike shi, babu wanda abin bai taɓa ba. Ma'aikata an yankar musu a albashi, masu sana'a kuma aka ce kowane shago zai biya gwargwadon injinan da ke cikinsa. Shi kansa Sufeto, in za a faɗi gaskiya, ba masoyin masu haraji ba ne a safiyar nan.

"Me ya kai ka shagon?" ya tambayi saurayin.

"Sanarwa na je mannawa shekaranjiya, yallaɓai. Gobe ne za mu ƙirga kekuna."

"Ka leƙa ciki?"

"Na leƙa. Aikina ke nan." Ya haɗa hannuwa biyu. "Don Allah kada a buɗe mini fayil. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, da zarar ofis ya ji ina da magana a caji ofis, korata za su yi. Na daɗe ina zaman banza kafin in samu wannan, kuma ni ke sayen maganin mahaifiyata."

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Tausayi ya kama shi, duk da bai so ba. Ya sa a wanke masa ciwon, ya ce da Sajan, "Kada ka rubuta komai sai na dawo. Taho da shi, amma ya zauna a mota."

Shagon Anti dogon ɗaki ne mai ƙanshin man keke da sabon yadi. Kekuna a jere jikin bango, uku daga cikinsu saura teburan kawai, kowanne da rami a tsakiya inda aka cire kan. Anti, wadda duk layin ke kira haka har da waɗanda suka girme ta, tana zaune a kan kujerar yanka, idanunta sun yi ja. Ƙaninta Auta, mai kula mata da shagon, yana tsaye a bayanta yana huci.

"Jiya ba mu buɗe ba, ranar hutunmu ce," in ji Anti. "Yau da safe muka tarar da kwaɗo a karye."

"Wa kike zargi?"

Kafin ta buɗe baki Auta ya karɓe. "Wa kuwa, yallaɓai? Mutum ya zo ya ƙare wa kayanka kallo, washegari kaya su ɓace. Harajin bai ishe su ba, sai sun haɗa da kekunan."

"Ni dai ban gani da idona ba," Anti ta ce a hankali. "Ban so aka taɓa yaron nan ba."

Sufeto ya tsuguna ƙarƙashin tebur na farko. Bel ɗin keken ba a yanke shi ba, an zare shi ne an rataye a ƙusa. Notikan da ke riƙe kan keken kuwa suna cikin murfin gwangwani, a tare, ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Ya duba tebur na biyu da na uku, haka.

"Sajan, ka taɓa ganin ɓarawo mai tsabta haka?"

"Ko matata ba ta kai shi ba, yallaɓai."

A waje suka sami mai gadin layin, wani siririn mutum mai yawan sosa ƙeya.

"Ka ce ka ga wanda ya shiga?"

"Da idona. Sanye yake da rigar hukumar haraji."

"Wane launi ce?"

"Irin tasu dai."

"Da me ya ɗauki kekunan? Kan keke ba ya shiga aljihu."

"Da... mota. A'a, babur."

Sufeto ya kafa masa ido, irin kallon da ke sa mai ƙarya ya ji ƙishirwa. Ba a jima ba mai gadi ya sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, ka rufa mini asiri. Jiya da yamma kallon ƙwallo na tafi. Da safe na ji ana cewa mai haraji ne, ni ma sai na ce na gan shi, don kada a ce ba na bakin aiki."

"A bakin wa ka fara ji?"

"A cikin shagon dai maganar ta fito."

Sufeto ya koma ciki. A kan tebur na uku akwai wata doguwar riga ta mata, a ninke tsaf, hannuwa a ciki. Wata budurwa cikin masu ɗinkin tana ta kallonta.

"Taki ce?"

"Ta kwastoma ce, ni ke ɗinka ta. Amma ba haka na bar ta ba. A ƙarƙashin allura na bar ta, ina tsakiyar haɗa gefe aka tashi."

Sufeto ya warware rigar. Inda ɗinkin ya tsaya an ƙulle zaren don kada ya warware. Ya kai bakin zaren kusa da idonsa: ba yankan almakashi ba ne, a tattaune yake, ya yi burtsatsi.

Ya dubi masu ɗinkin. Kowacce da ƙaramin almakashi rataye a wuya da igiya.

"Wannan dokar shagon ce?"

"Dokata ce," in ji Anti. "Ba na son a sa wa kayan mutane yawu. Duk wanda ya koyi aiki a hannuna, da almakashi yake yanke zare."

"Duka?"

Anti ba ta waiwaya ta dubi Auta ba, amma Sufeto ya ga yadda kafaɗunta suka sauka.

Ya ɗauko allura mai zare daga kan tebur, ya miƙa wa Auta. "Maɓallin hannun rigata na lilo. Taimaka mini, tunda na zo gidan gwanaye."

Auta ya yi murmushin yaƙe ya karɓa. Hannunsa na da sauri, ba a musu. Ya ɗinke maɓallin, ya ƙulle, sannan ba tare da ya san ya yi ba, ya sunkuya ya datse zaren da haƙori.

Duk idanu suka koma kansa.

"Ɓarawo yakan fizge riga ya jefar," in ji Sufeto. "Wanda ya cire kekunan nan ya ji tsoron kada kayan kwastoma su lalace. Ya adana noti, ya rataye bel, saboda ya san zai dawo da kekunan ya ɗaura. Ina ka kai su?"

"Yallaɓai, ni..."

"Auta," Anti ta kira shi, muryarta a sanyaye. "Tun kana goye nake hana ka cizon abu. Faɗi gaskiya."

Auta ya zauna a kan buhun yadi.

"Suna ɗakina, Yaya, ƙarƙashin gado. Na shafa musu mai, na rufe su. Na ji kina cewa in harajin ya yi yawa sai kin sallami mutum biyu. Na ce bari in ɓoye uku har a gama ƙirga, tunda da takardar 'yan sanda za su yarda sata aka yi. Kwaɗon ma ni na karya."

"Shi kuma yaron mutane?" in ji Sufeto.

"Da jama'a suka taru suna tambaya wa ya yi, sai na hango shi tafe. Na san kowa na jin haushinsa." Ya share fuska da tafin hannu. "Ban zaci za su jefe shi ba. Wallahi ban zata ba."

"Amma da suka jefe shin, ka yi shiru," in ji Sufeto.

Sajan ya ciro ankwa. Anti ta kau da kai yayin da ake saka wa Auta, hawaye na zuba, amma ba ta roƙa masa ba. Da za a fita da shi ne kawai ta gyara masa wuyan riga.

Aka aika aka ɗauko kekunan, aka kuma shigo da jami'in haraji daga mota. Teloli da suka cika ƙofa suka dare masa, kowa na kallon ƙasa.

"Babu fayil," in ji Sufeto. "Ka tafi aikinka."

Saurayin ya riƙe hannun Sufeto da hannu biyu. "Na gode, yallaɓai. Allah ya saka da alheri. Ka ceci gidanmu."

"To ka ji tausayin albashina in kun zauna taro."

Aka yi dariya, har da masu kallon ƙasa.

Anti ta matso, ta share idonta da gefen mayafi. "Sufeto, ƙanina ka kama, zuciyata kuma tana ciwo. Amma na gode maka. Da an kori yaron nan saboda shagona, da har in mutu ban daina jin nauyin abin ba."

Ta juya ga jami'in. "Ɗana, ka yafe mana."

"Na yafe, Anti. Kuma kada ki sallami kowa tukuna. Dokar ta yarda ƙananan shaguna su biya kaɗan-kaɗan, ba a dai yi muku bayani ba ne. Gobe zan nuna miki yadda ake nema."

Anti ta daɗe tana dubansa, da bandejin kansa, da rigarsa yagaggiya. Sannan ta zauna a keken farko da aka mayar, ta zira zare.

"Cire rigar nan ka ba ni," ta ce. "Kafin in gama, ka ƙirga su. Duka, har da ukun."