Gashin da Ba na Kaza Ba

Asuba ba ta kai ga yi ba Mai Agogo ya ji wani sauti da bai taɓa jin irinsa ba. Kamar an fara cara a cikin randa, sai aka toshe bakin randar. Sau biyu ya ji, daga wajen jerin shagunan da ke bayan gidansa. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana kasa kunne a cikin agogo, don haka bai raina sauti ba. Ya ajiye shi a ransa, ya koma barci.

Da safe ƙanwarsa ta buga masa ƙofa. Duk layin Uwar Kaji suke ce mata, shi kaɗai ke kiranta Auta duk da furfurarta.

"Yaya, an ɗauke Tsumma."

Tsumma zakara ne, kuma sunan ya dace da shi. Fari ne mai dabbare-dabbare kamar an goge tukunya da shi, ga shi ba nama. Amma Uwar Kaji ta yi suna ne da kaji masu ruwan toka, waɗanda kowane gashinsu ke da siririn baƙi a gefe kamar tela ya bi shi da zare. Sirrin da ba ta gaya wa kowa ba sai yayanta shi ne, mai toka da mai toka in sun haɗu, 'ya'yan barkatai suke fitowa. Sai an haɗa baƙar kaza wuluk da irin Tsumma sannan kowane ɗan tsako zai fito ruwan toka. Shekara shida ta yi tana tankaɗe da rairaya kafin ta same shi, kuma ba ta da na biyu.

Mai Agogo ya ɗauki gilashin da yake maƙalawa a ido in zai buɗe agogo, ya bi ta.

Kwaɗon akurkin yana nan a kulle. Ya tsuguna ya duba maƙalin: kusoshi huɗu, kowanne da sabon ƙarzo a kansa.

"Kwance su aka yi, aka mayar. Ɓarawo mai ladabi."

"Kuma ko kaza ɗaya ba ta yi kuka ba," in ji ta.

"Hannunsa ya saba da lallaɓa kai ke nan."

Ya leƙa cikin kwanon ruwan kajin, ya daɗe. Sannan ya sa tsinke ya tsamo wani abu, ya shimfiɗa a farcensa.

"Auta, na samu gashi."

"Yaya, akurki ne fa. Me za ka samu, azurfa?"

Ya naɗe abin a takarda ya sa a aljihu.

Ita dai zarginta yana kan Dogo, wani mai kiwon kaji a ƙarshen layi da ya daɗe yana son irinta. Suka same shi yana dama dusa.

"Jiya da dare kana ina?" in ji Mai Agogo.

"Kan katifata, Baba. Me ya ɓata?"

"Zakaran ƙanwata."

Dogo ya saki ludayin. "Mai tokan nan mai dogon wuya? Sau uku ina taya shi."

"Yana nan. Tsumma aka ɗauka."

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan abin? Ai ko kyauta aka ba ni sai an haɗo mini da sabulu."

Da suka fito Uwar Kaji ta ce, "Ƙarya yake."

"Da shi ne, mai tokan zai ɗauka. Yana kwance kusa da Tsumma, taku ɗaya tsakaninsu," in ji Mai Agogo.

Daga nan suka nufi kasuwa wajen mai sayar da kaji, wanda kayan sata kan biyo ta hannunsa ba da saninsa ba, ko da saninsa.

"An kawo maka farin zakara mai dabbare yau?"

"Mai nama?"

"Ƙashi da gashi."

"To me zan yi da shi, Baba? Ni nauyi nake sayarwa, ba zane ba."

Mai Agogo ya bi kejin da kallo. Ja, fari, wake-wake. "Ba ka da baƙaƙe?"

"Wani ya tsince su makon jiya, guda huɗu. Mai ɗigon fari ko ɗaya ya ƙi."

"Ka san shi?"

"A'a. Amma mutumin ya cika shisshigi. Muna ciniki yana kallon ƙeyata, har ya ce wanda ya yi mini aski ya cuce ni."

Nan Mai Agogo ya shafa haɓarsa. Ya tuna wata laraba, yana zaune a kujerar Mai Aski, kumfa a haɓarsa, ana hirar abubuwan mamaki na duniya. Wani ya kawo labarin kifi mai fitila a goshi. Shi kuwa, don kada a bar shi a baya, ya ce ai akwai abin da ya fi wannan a layinsu: baƙi da fari mai datti su haifi toka, kuma mummunan zakaran nan shi ne uban gidan duka. Ya tuna yadda askar ta tsaya cak a kumatunsa.

Bai gaya wa ƙanwarsa wannan ba. Ya dai ce, "Je ki gida ki ɗauko baƙar kazar nan mai surutu. Ki same ni shagon Mai Aski."

Shagon ƙarami ne: kujera ɗaya, madubi mai tsaga, benci, da labule a ƙurya. Rediyo na ta ɓaɓatu kamar ana rigima.

"Baba, ba shekaranjiya na yi maka ba?" in ji Mai Aski.

"Gashin tsoho rashin kunya gare shi. Rage rediyon nan, ɗana."

"Labarai nake ji."

"Waƙa ce ake yi."

Mai Aski ya rage. Ya yafa masa ƙyalle. Ta cikin madubi Mai Agogo ya hango ƙasan labulen: baho a kife, an ɗora masa tawul da dutse, an tokare gefe ɗaya da guntun katako don iska.

Sai ga Uwar Kaji da kaza a hammata, matar tela maƙwabciyarsu na biye da ita don ganin ƙwaƙwaf. Aka sauke kazar a ƙasa. Ta karkaɗe jiki, ta dubi wurin, ta fara kyarkyara.

Bahon ya amsa. Cara ce rabi, a toshe, kamar daga cikin randa.

Uwar Kaji ta ture dutsen ta ɗaga bahon. Tsumma ya fito yana tangaɗi, wuyansa a karkace. Ta ɗauke shi, ta shafa wuyan tun daga zanko har ƙirji, ta buɗe fukafukan ɗaya bayan ɗaya, ta duba ƙafafu. Can zakaran ya miƙe wuya, ya saki cara cikakkiya, mummuna kamar ƙarar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

"Lafiyarsa lau," ta ce, ta zauna a benci. "Lafiyarsa lau, Yaya."

Mai Agogo ya warware takardar nan a kan teburin aski. Guntayen gashi ne, baƙi da fari da mai jan lalle, ko tsawon ƙwayar shinkafa ba su kai ba.

"Wannan gashin ba na kaza ba ne. Kuma kai ɗaya ba ya zubar da gashi iri uku, an yanke su daidai da almakashi. Daga hannun rigarka suka faɗa ruwa da ka sunkuya. Ɓarawon nama da ya ɗauki mai ƙiba, ɓarawon kyau da ya ɗauki mai toka. Wanda ya tsallake su ya ɗauki Tsumma ya san aikinsa, kuma sai ya tanadi baƙaƙen kaji. Suna bayan shago, ko?"

Mai Aski ya gyaɗa kai.

"Bahon kuma don zakara ba ya cara sai ya miƙe wuya. Dabara ce, amma bangona ne bayan shagonka, kuma barcina ba nauyi."

"Wallahi aro na yi, Inna," in ji Mai Aski, kansa a ƙasa. "Kwana uku kawai, ya bi kajin, in mayar. Shi ya sa ban fasa kwaɗon ba."

"Kwana uku a ƙarƙashin baho? Da gawa za ka mayar mini." Ta gyara riƙon zakaran. "Da ka buɗe baki ka roƙa, da ƙwai shida na ba ka. Yanzu kuwa kusoshin nan huɗu, kai za ka sake su da hannunka, da rana tsaka, kowa na gani."

"Na yarda, Inna."

Har ta yi dariya, karo na farko tun safe. Mai Agogo ya cire ƙyallen daga wuyansa, ya ji iska ta shige shi har ƙafa. Ya miƙe zai bi ta.

Matar tela, wadda tun ɗazu take jingine da ƙofa, ta ce, "Ni abu ɗaya ne ban gane ba. Shekara nawa muna katanga ɗaya da ke ban san amfanin zakaran nan ba. Shi Mai Aski, wa ya gaya masa?"

Mai Aski ya kama goge askar da ba ta taɓa komai ba. Uwar Kaji ta juyo a hankali ta dubi yayanta. Shi kuwa ya zaro agogon aljihunsa, ya kara a kunne, ya lumshe ido.