Kujerar Bakin Ƙofa

An ce ɗan leƙen asiri ne. Wanda ya fara faɗa bai ce ya gani da idonsa ba, wanda ya ɗauka kuma bai tambaya ba. Haka maganar ta zaga ɗakin bayan shagon Kawu har ta iso kunnen Tabarau, ita kuwa ta ce sai ta gwada ta gani.

Shagon a da na hayar kaset ne. Da zamani ya juya masa baya, Kawu ya koma sayar da caja da murfin waya a gaba, amma ɗakin baya ya ƙi taɓa shi. Duk Asabar da yamma sai a saki labule, a jera kujeru, masoya tsofaffin finafinan leƙen asiri su taru su sake kallon abin da suka riga suka haddace. Dokar ɗakin biyu ce. Ba a kiran kowa da ainihin sunansa, sai laƙabi, kamar yadda ake yi a fim. Sannan in fim ya ƙare aka kunna fitila, dole kowa ya faɗi wurin da ya fi taɓa masa zuciya.

Tabarau 'yar ƙanwar Kawu ce, malamar lissafi, a cikin kaset ɗin nan ta girma. Kujerarta ta gaba ce, ta gefen taga, ba mai zama a kai.

Ranar da ta fara ganin mutumin, firjin ɗakin ne ya mutu, Kawu ya kira mai gyara. Ana tsakiyar kallo, a fim ɗin wani mai doguwar kwat na tsaye a tashar jirgin ƙasa yana jiran jakar da za a musanya masa, sai sukundirebar mai gyaran ta faɗi ƙasa, ƙwal!

Ta waiwayo a fusace. "Malam, a hankali mana, mutum za a harbe!"

Ya ɗago daga bayan firjin, hannunsa duk baƙin mai. Ya daɗe yana dubanta kafin ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Shi ma Allah ya tsare shi."

Dariya ta kufce mata. Da ya gama aikinsa bai tafi ba, ya ja kujerar da ke tsakanin firjin da ƙofa ya zauna. Asabar ta gaba ya dawo, ta gaba ma haka. Aka sa masa suna Bakin Ƙofa.

Darakta ne ya fara ƙulla maganar. Wani akawu ne mai yawan magana, wanda ba fim ɗin da ba zai gyara wa mai shi ba, kuma ya daɗe yana kawo wa Tabarau biskit ba ta tambaya ba.

"Ku dai ku lura," in ji shi, yana lissafawa da yatsu. "Bakin ƙofa yake zama. Wayarsa biyu. Na gan shi da jaka yana shiga otal ta ƙofar baya. Ba ya dariya, ba ya salati ko an jefo mutum daga bene. Kuma kafin a kunna fitila ya sulale."

"Mai gyaran firji ta ina zai shiga otal, ta taga?" in ji Tela, wata dattijuwa da ke zuwa da ɗinkinta.

"Gyaran firjin ai fakewa ce, Tela! Shekararki nawa kina kallo?"

Tabarau ba ta yarda da lissafin da aka fara daga amsa ba. Ta karɓi lambarsa a wurin Kawu da sunan firjin gidansu na ƙara. Firjin lafiyarsa ƙalau. Ya zo, ya duba, ya saurara, ya ce, "Wannan ya fi ni lafiya." Ta ji kunya, shi ma ya ji, suka tsaya suna kallon firji kamar za su saya.

Daga nan saƙonni suka fara. Ita ta ce wa kanta bincike take yi.

"Malam Shiru, yau wane wuri ya fi burge ka?" ta rubuta masa.

"Wurin da kika cire tabarau kika goge ido."

"Fim nake tambayarka."

"Na sani, Mai Haske."

Wata Asabar kuma ya rubuto: "Yau kin cije yatsa har na ji tsoron za ki ji ciwo."

"Ai wurin gadar nan ne. Duk da na san zai tsallake, sai gabana ya faɗi. Kai ba ka ji komai ba?"

"Na ji. Nawa gaban ma ya faɗi."

Ta riƙa karanta saƙonnin a ɗakin malamai, tana kife wayar in an shigo. Ta fara ƙosawa Asabar ta zo. Ko ba ta waiwaya ba takan san ya shigo, don ƙofar na da wani ɗan kuka da take yi masa shi kaɗai, ko kuma kunnenta ne ya ƙirƙiro. Bincike ya tafi inda ya tafi. Da ya ce yana so ya turo manyansa wurin mahaifinta, ta rubuta "To" kawai, sannan ta yi ta juyi a kan gado tana murmushi.

Sai dai Darakta ya riga su isa wurin Baba.

"Na ji labarin yaron nan," in ji Baba, yana naɗe jarida. "An ce ba a san wa yake yi wa aiki ba."

"Baba, firji yake gyarawa."

"Haka ya ce. Ke da kawunki kun cika kanku da fim, yanzu kuma kin kwaso mini fim ɗin gida. Mutumin da ke ɓoye abu tun yana waje, in ya shiga ɗaki me zai nuna miki? Ban amince ba."

Ta fita tana kuka, amma maganar ta zauna mata. Gaskiya ne, bai taɓa tsayawa an kunna fitila ba. Gaskiya ne, duk tambayar da ta yi masa kan fim, sai ya zame ya koma kanta. Sai ta yi abin da mai kallon irin waɗannan finafinan kaɗai zai yi: ta ɗana masa tarko.

Bayan kallon Asabar ta rubuta masa: "Wurin nan da matar ta jefa lemarta a kogi don ta sanar da shi an gano su, kai, ya kashe min jiki. Kai fa?"

Ta ajiye wayar tana addu'a ya ce bai gane ba.

Amsa ta zo. "Ni ma. Wuri ne mai kyau ƙwarai."

Ta sake karantawa. Ba lema a fim ɗin. Ba kogi ma, daga farko har ƙarshe a cikin hamada aka yi shi.

"Babu wannan wurin," ta rubuta. "Ni na ƙirƙira. In ba fim kake kallo ba, me kake kallo a ɗakinmu?"

Ya yi ta rubutu yana gogewa, tana gani. Can ya turo: "Ba abin da kike zato ba ne. Amma in na faɗa, ina tsoron za ki guje ni."

"Haka duk suke cewa," ta rubuta, ta kashe wayar.

Bai sake zuwa ba. Kujerar bakin ƙofa ta zauna ba kowa, don an ɗauke ta kamar kujerar mai laifi. Darakta ya matso kusa da taga, yana raɗa mata abin da zai faru kafin ya faru, har ta ji ta tsani fim ɗin da take so tun tana yarinya. Ƙofa ta yi kuka, ta waiwaya, Tela ce. Ta sake kuka, iska ce. A makaranta ta rubuta lissafi a allo ta manta inda ta dosa, yara suka ƙarasa mata. A gida takan buɗe firji ta tsaya, ba abin da take nema. Lambarsa na nan, ba ta goge ba, ba ta kira ba. Ta yi nasara a bincikenta, kuma ba ta taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba.

Wata Asabar taron malamai ya riƙe ta, ta iso an riga an fara. Ɗakin ya cika. Tela, da idonta ya fara rauni, ta samu sarari ta zauna a kujerar gefen taga. Ba sauran wuri sai na bakin ƙofa. Tabarau ta yi jim, sannan ta zauna.

Ta ɗaga kai don ta kalli fim, ba ta ga fim ba. Firjin ya tare talabijin ɗin gaba ɗaya, sai ɗan gefen gilashi da bai kai faɗin hannu ba. Ta karkata dama, kanta ya bugi kantar kaset. Ta karkata hagu, ƙofa. Abin da kujerar ke fuskanta sosai shi ne gefen taga. Ga Tela can, hasken talabijin ya zubo mata a fuska, ana ganin komai: yadda ta saki allura, yadda bakinta ya buɗe, yadda ta dafe ƙirji tana cewa, "Wayyo, kada ka buɗe jakar nan, ɗan nan!"

Tabarau ta zauna kamar an dasa ta, saƙonninsa na dawo mata. Wurin da kika cire tabarau. Kin cije yatsa. Mai Haske. Sai kuma ta tuna wata rana, tun farkon zuwansa, da Darakta ya tambaye ta irin mijin da take so, ta ce cikin raha, "Wanda ba ya son finafinan nan ko sallama kada ya yi mini." Shi kuwa yana zaune a nan, yana ji.

Ta fito gaban shago, ta rubuta masa:

"Na zauna a kujerarka."

Amsa ta zo kafin ta sauke wayar. "To kin gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na gwada kallonsu a gida don in iya ba ki amsa. Wallahi barci suke sa ni. Kowa da kwat, kowa na ƙarya, ban san wa zan bi ba. In an kunna fitila aka tambaye ni, me zan ce? Shi ya sa nake gudu."

Ta yi dariya, hawaye na sauka kan gilashin tabarau. "Malam Shiru, ka cuce ni. Ka dawo."

"Ko ba na son su?"

"Ka dawo, na ce."

Saura Baba. Wannan aikin Kawu ya ɗauka. Ya je ya ɗauko surukinsa da rana tsaka, ya kunna talabijin, ya zaunar da shi a kujerar bakin ƙofa, ya sa Tabarau ta zauna a tata.

"Me kake gani?"

"Firji," in ji Baba. Ya ƙara dubawa. "Da 'yata." Sai ya miƙe zumbur. "Au! Wato duk wannan lokacin 'yata yake ƙare wa kallo a cikin duhu? Wannan ne kake ganin zai sanyaya mini rai?"

"Zauna, malam," in ji Kawu. "Wa ya yi ta zarya kantin magani da ciwon haƙorin ƙarya, lokacin da ƙanwata ke aiki a can? Har sai da aka cire maka lafiyayyen haƙori don kada asirinka ya tonu?"

"Wannan daban."

"Buɗe bakinka mu ga giɓin."

Baba ya rufe baki gam. Tabarau ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na girgiza. Can Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Ka ce ya turo manyansa. Amma sai na je na ga shagon nasa da idona."

Ya je, ya ga firji a jere kamar marasa lafiya a asibiti, ya ga mahaifiyar yaron, wadda saboda ita ake riƙe waya ta biyu. Ya dawo bai ce komai ba sai, "Yana da hankali."

Aka ɗaura aure. 'Yan ɗakin baya suka zo gaba ɗayansu, har Darakta, wanda ya ce shi dama tun farko ya san ba wani abu. Tela ta ce, "Allah ya shirye ka." Baba ya dafa kan su biyun ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙa faɗa wa juna gaskiya tun kafin a kama ku." Kawu ya ce amin da ƙarfi.

Asabar ta farko bayan biki, aka ajiye wa ango kujera a gaba, kusa da amarya, inda ake ganin talabijin tas. Mai doguwar kwat bai kai ga tashar jirgi ba, kan ango ya sauka a kafaɗarta. Ba ta tashe shi ba. Da aka kunna fitila, zagaye ya zo kansa, Kawu ya ce, "To, Bakin Ƙofa, yau ba gudu. Wane wuri ya fi taɓa ka?"

Ya murza ido, ya dubi matarsa. "Kawu, a mayar da ni kujerata."

Mai gyaran firji ne. Waya ɗaya ta aiki ce, ɗaya ta mahaifiyarsa. Bai taɓa son fim ɗin leƙen asiri ba. Ita yake zuwa gani.