Wanda Sikwana Ta Dawo da Shi

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da dutse na farko ya faɗo a gidan Dibisto. Yana zaune a bakin ƙofa yana sassaƙa ƙafar mutum da icen kurmi, don sana'arsa ke nan. Marasa lafiya da ke zuwa idon ruwan Sikwana sukan sayi siffar gaɓar da ke damunsu, su ajiye wa Uwar Kogi a bakin ruwa. Matarsa Litugena na ciki tana juya faten sha'ir, 'yarsu Suwadula kuma tana kwashe shanya a bayan gida.

Dutsen ya daki jinka, ya gangaro, ya tsaya dab da ƙafarsa. Ya ɗauka ya duba. Sumul yake irin na gindin kogi, da sanyi ƙalau, yana ɗigar ruwa, alhali an daɗe ba a ga hadari ba. Kafin ya ajiye shi na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya. Ya zagaya gidan bai ga kowa ba. Karnukan unguwa da ba sa barin ko inuwa ta wuce duk sun yi tsit.

Litugena ta leƙo ta ce yara ne, ta koma ta zuba abinci. Akushi huɗu ta jera kamar kullum, ko da yake su uku ne a gidan.

Na huɗun na ɗansu Atenato ne. Rumawa masu mulkin ƙasar sun ɗebe shi aikin soja tare da samarin ƙauyen, aka kai su babban kogin arewa. Bayan shekaru wani abokin yaƙinsa mai hannu ɗaya ya zo har gida, ya zauna ya faɗa musu cewa suna aikin gada igiyar ruwa ta tafi da Atenato, ba a ga gawarsa ba. Dibisto ya yi kuka ya haƙura. Litugena kuwa ta kori baƙon da muciya, ta ce ɗan da aka haifa a bakin Sikwana ruwa ba ya cin sa. Ta hana a yi masa makoki, ta hana a ambaci mutuwa a gidanta. Kullum da safe sai ta gangara ƙasa da katangar da Rumawa suka kewaye idon ruwan da ita, inda kogin ke fita ya kama hanyarsa, ta durƙusa ta daɗe tana magana da ruwa. Ba wanda ya san abin da take faɗa.

Daga ranar nan jifa bai fasa ba. Da zarar inuwa ta yi tsawo sai duwatsu su fara sauka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ba ya son ya dami mutanen gida. Sai aka fara ganin danshi a dokin ƙofa, faɗin tsayuwar mutum ɗaya. Sai murya ta biyo, can ƙasa-ƙasa daga wajen randa, kamar mace na magana da bakinta cike da ruwa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Masu sayen sassaƙa suka koma wurin wani.

Suwadula budurwa ce mai yawan waƙa, ta iya tsofaffin waƙoƙin kogi da kakarta ta koya mata, waɗanda yanzu ba a yin su a ɗakin bauta. Ita ce ta fara yin shiru. Wata yamma uwarta ta same ta tsaye a tsakar ɗaki, gashinta sharkaf, ruwa na bin wuyanta, ba ta kuwa je kogi ba. Aka kira sunanta ba ta amsa ba. Aka kwantar da ita, aka share gashin, kafin a juya ya sāke jiƙewa. Da rana takan dawo hayyacinta kaɗan, ta kurɓi madara, ta ce tana jin sanyi. Da yamma sai idanunta su kafe a kan ƙofa.

Dibisto ya kai ta sabon ɗakin bauta da Rumawa suka gina a idon ruwan. Babban mai hidimar wurin, wanda ɗan garin ne amma ya koma sa farin mayafi irin na Rumawa, ya sa aka yi mata wanka a kwarmin dutse, ya yanka zakara gaban gunkin tagulla, ya yi dogon roƙo da harshen Rumawa. Ya ce a tafi da ita, ta warke. A hanyar komawa gida yarinyar ta yi wata dariya da ba tata ba, har uban ya saki hannunta.

Sai ya tuna da Baba Seno. Tsohon yana cikin masanan nan na dā, masu haddace sunayen ruwaye da na itatuwa, waɗanda Rumawa suka hana su aikinsu. Ya ɓuya a wani ƙauyen makiyaya yana yi wa dabbobi magani, ba ya son a tuna masa da abin da ya sani. Dibisto ya durƙusa ya roƙe shi. Tsohon ya ce shi yanzu kofaton awaki kaɗai ya sani. Dibisto ya fito da ɗaya daga cikin duwatsun ya ajiye masa a tafin hannu. Dutsen na nan da danshinsa. Baba Seno ya daɗe yana kallon sa, sannan ya nemi sandarsa.

Sun iso rana na jā. Tsohon bai nemi zakara ba, bai nemi turare ba. Ya sa aka kashe wutar murhu, aka zaunar da Suwadula a kan buzu tana fuskantar ƙofa, aka ajiye ƙwaryar ruwan kogi a gabanta. Ya ce Dibisto ya tsaya a dama, Litugena a hagu, kada wanda ya yi magana sai an tambaye shi. Sannan ya zauna da ƙyar, ya fara kiran sunayen kogin da tsohon harshe, tun daga sunan da take da shi tana ɗigo a gindin dutse har sunan da masunta ke kiran ta da shi a bakin teku.

Dutse ya faɗo a kan jinka. Ruwan ƙwarya ya motsa ba wanda ya taɓa shi. Yarinyar ta ɗago kai a hankali, muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwar mace ce da ta gaji.

"Seno. Ashe kana raye? Na ji an ce ka koma likitan awaki."

"Awaki ba sa kai ƙara wurin Rumawa, Uwa," in ji tsohon. "Me ya fito da ke daga gadonki har cikin ɗakin mutane?"

"Aike na aka yi. Na cika."

Ta ba da labari, tana yi tana tsayawa kamar mai hawan tudu. Ta ce matar gidan nan ta yi ta zuwa gabanta tana cewa: ki dawo mini da ɗana, ki ɗauki duk abin da kike so a gidana. Ta ce a zamanin nan ba kowa ke yi mata magana da harshen da take ji ba. An kewaye bakinta da dutse, an ƙera mata fuskar tagulla da ba tata ba, ana yi mata roƙo da kalmomin baƙi, ita kuwa tana kwance tana jin su kamar hayaniyar kasuwa. Shi ya sa roƙon matar ya shige ta. Ta aika wa babban kogin arewa, ya nemo yaron a cikin lakarsa ya miƙa wa teku, teku ya miƙo mata. Ta goyo shi, tana haurowa saɓanin gudun ruwanta, har ƙofar gidan nan.

"Yana nan tsaye a waje," ta ce. "Shi ke jifan. Ba ya iya shiga gidan da ba a kira shi ba, ni kuma ba na iya komawa hannu wofi."

Litugena ta yi wani ƙaramin sauti ta nufi ƙofa. Baba Seno ya tare ta da sanda.

Ya tambayi abin da Uwa take so a gidan. Ta ce yarinyar. Ita kaɗai ta rage mai yi mata waƙoƙinta in ta zo wanki, za ta tafi da ita ƙasan ruwa ta riƙa ɗebe mata kewa. Tsohon ya ce da rai aka roƙa a dawo da yaron. Ta ce ba a faɗi haka ba, kuma ko an faɗa, wannan ba a hannunta yake ba. Dibisto ya manta da umarni ya zube a ƙasa, ya ce a ɗauke shi maimakon 'yarsa. Muryar ta ce me za ta yi da mai sassaƙa, gindinta cike yake da ƙafafunsa na ice. Litugena ta ce to ita, ita ta yi alkawari, ita za a ɗauka.

"Ke ai kin daɗe da nitsewa, 'yata. A tsaye kawai kike," in ji muryar.

Hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya fara dishewa, kuma a tsakiyarsa akwai inuwa guda biyu, kamar ta ƙafafun mutum.

Baba Seno ya goge fuska da tafin hannu. Ya ce, "Uwa, an ce ki ɗauki abin da kike so a gidan nan. Yaron ma ɗan gidan nan ne. Kin goyo shi daga nesa, kin san nauyinsa. Ki riƙe shi. Ya zauna wurinki, ki bar mai rai ga masu rai."

Muryar ta ce yaron yana da hankali, bai ba ta wahala a hanya ba, za ta karɓa. Amma ba tsoho ne zai ba ta shi ba. Wadda ta roƙa ita za ta bayar, da bakinta. In ta ce ya shigo, zai shigo, zai zauna a inuwar ɗakin nan muddin ranta, za ta riƙa jin motsinsa, wata rana ma ta ga gefen fuskarsa. Yarinyar kuwa ta bi ruwa. In ta ce a tafi da shi, shi ke nan, ba kabari, ba inuwa, ba mafarki.

Kowa ya dubi Litugena.

Ba ta ce komai ba. Idonta na kan inuwar nan ta ƙarƙashin ƙofa. Dibisto ya kira sunanta sau ɗaya a hankali, ba ta juyo ba. Shirun ya yi tsawo, ya wuce yadda ya kamata shirun uwa ya kai, har tsohon ya sunkuyar da kai. Ruwa na ta ɗiga daga gashin Suwadula a kan buzu.

Daga ƙarshe ta tambaya, da muryar da ƙyar ake ji, ko ɗanta yana jin sanyi. Aka ce mata a'a, ya wuce wannan. Ta tambaya ko ya kira ta lokacin da ruwa ya ɗauke shi. Aka ce mata ya kira.

Ta matsa ta dafa ƙofar da tafin hannunta, ba ta buɗe ba. "Atenato, ɗana, ka mutu," ta ce. "Na sani, tun ranar na sani. Ka bi Uwa, kada ka tsaya jira na." Sannan ta juyo wajen yarinyar da muryar ke fita daga bakinta. "Na ba ki shi. Ki sakar mini 'yata."

Suwadula ta sunkuya, ruwa mai yawa ya kwararo daga bakinta, fari tas, da 'yan tsakuwa a ciki. Ya bi daɓen ɗaki ya fice ta ƙarƙashin ƙofa, suna jin sa yana gangarawa ta cikin ciyawa har sautin ya ɓace. Hasken ƙarƙashin ƙofar ya koma ɗaya. Can nesa wani kare ya yi haushi.

Yarinyar ta buɗe ido. Uwar ta rungume ta tana kuka irin wanda ta hana kanta shekara da shekaru. Suwadula ba ta ɗaga hannu ta riƙe ta ba. Ta ce a hankali, "Na ji komai, Inna. Har shirun da kika yi."

Baba Seno ya tafi kafin gari ya waye, bai karɓi ko curin cuku ba. Aka yi makokin Atenato, aka sha giyar sha'ir da sunansa. Suwadula ta warke, ta yi aure a wani gari da ke ƙasa da kogin, ta haifi 'ya'ya. Tana zuwa ganin iyayenta da kaka, tana yi wa uwarta duk abin da 'ya ke yi. Amma in suka zauna su biyu, sai hira ta ƙare da wuri, kowace ta nemi aikin da za ta sa hannu.

Sai da Litugena ta kwanta ciwon ajali, bayan Dibisto ya riga ta rasuwa, sannan ta kamo hannun 'yar ta roƙe ta ta yafe mata shirun nan, don ba ranar da ta wuce bai ci ta ba.

Suwadula, wadda ita ma furfura ta fara fito mata, ta daɗe tana riƙe da hannun. Sannan ta ce, "Inna, ni ba fushi na yi ba, kunya ce ta hana ni kallon ki. Ina daga ciki ina jin numfashin Yaya a bakin ƙofa. Duk tsawon shirun nan roƙo nake ki ce ya shigo, ni in bi ruwa."