Kunnen Ɗan Aike

Da hantsi mai gidan burodin ya faɗo caji ofis yana haki, ya ce an yashe masa sito. Mutanen unguwa Gobe-Ka-Dawo suke kiransa, domin tun da bankuna suka fara rufe ƙofa, kuɗi suka zama kamar ganye a hannu, duk wanda ya je sayen burodi amsar da yake samu ke nan. Ya kashe injinansa, ya sallami ma'aikata, ya ce babu fulawa a ƙasar gaba ɗaya. Sai ga shi yau yana kukan an sace masa fulawar da babu.

Bai zo hannu rabbana ba. Ya taso ƙeyar direbansa, wani siririn mutum mai sanyin magana, ya ce ban da shi babu mai riƙe da makullin siton. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, direban bai yi musu ba. Ya ce shi ya sata, shi kaɗai, ya kuma sayar.

Shugaban ofis ya ji daɗin wannan shari'a mai sauƙi. A ƙarƙashin dokar ta-ɓaci da aka kafa saboda zanga-zanga, satar abinci ba ta da beli, kuma shekarun ɗaurinta sun isa ɗan da aka haifa yau ya yi gemu. Ya ce gobe da safe a miƙa direban kotu. Sufeto ne kaɗai ya nemi a ba shi yinin ya leƙa wurin.

Sufeton nan yaransa Tsugunne suke ce masa a bayan ido, don ba ya yarda da abin da ya gani a tsaye. Yana shiga siton ya tsugunna. Saje, wata 'yar sanda mai saurin baki da ke rakiyarsa, ta ja tsaki a hankali ta jingina da ƙofa.

Kwaɗon lafiyarsa lau. Buhunan da ke bakin ƙofa suna nan a jere har rufi, ko ɗaya ba a taɓa ba. Can ƙurya, inda sai mutum ya yi rarrafe ya matse tsakanin layuka, nan ne aka kwashe. An kuma share wurin tas, har da tattara sharar a kusurwa.

"Waɗanne ne na ƙuryar?" Sufeto ya tambayi mai gidan.

"Tsofaffin ne, ranka ya daɗe. Su na fara ajiyewa."

"Amma ai ka ce wa mutane babu fulawa."

Gobe-Ka-Dawo ya share gumi, ya ce ai ɗan abin da ya rage ne, kuma idan banki ya ci amanar mutum, buhu ba ya ci. Wanda ya ajiye takardar kuɗi ya wayi gari da takarda. Sufeto dai yana kallon wata tsintsiya da aka jingine kanta a sama. Ɓarawo yakan ɗauki na kusa ya ƙara gaba. Wannan kuwa ya wahalar da kansa ya zaɓi wadda za ta fara lalacewa, kamar yadda ake yi a gidan da ake gashi kullum.

Motar kai burodin tana tsakar gida. A bayanta Saje ta tsinto ɓawon itace da 'yar toka. Sufeto ya tambayi mai gidan ko injinansa na cin itace. Ya ce haba, lantarki da dizal suke sha, shi ya sa ma ya kashe su.

Suka koma ofis, aka fito da direban daga bayan kanta.

"Wa ka sayar wa?"

"Wani mutum."

"A ina?"

"A kasuwa, yallaɓai."

"Kasuwar da ke rufe tun da aka fara zanga-zanga?"

Direban ya sunkuyar da kai. Sufeto ya ce ya miƙo hannuwansa. Gashin damtsensa duk ya babbake, ga ƙananan tabon ƙuna sababbi a bayan hannu. Ya ce ruwan lagireton mota ne ya fallatso masa. Saje ta ce lagireton nan ya iya zaɓen wuri.

Sufeto ya gaya masa shekarun da ke jiransa, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya tuna masa da matarsa da 'ya'yansa. Idon mutumin ya cika da ƙwalla, amma maganarsa ba ta canza ba.

"Ni na sata, yallaɓai. Ku rubuta haka."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya ga masu ƙarya don su tsira ba adadi. Mai ƙarya don a ɗaure shi kuwa, yau ya fara gani, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Bayan azahar hanya ta bi da su ta babban dandali, gaban ginin bankin da aka rufe. Nan masu zanga-zangar suka yi zaman dirshan. Sufeto ya sha jin labarinsu a rediyon ofis, ana ce musu 'yan tarzoma. Da ya fito daga mota sai ya tsaya yana kallo.

Mutane ne iya ganin ido, a zaune a ƙasa. Malaman makaranta, masu ɗinki, 'yan fansho da takardunsu a leda, ma'aikatan jinya cikin fararen kaya, mata da goyo. Babu ihu, babu jifa. Taro mai yawan nan, amma ana jin kukan jariri daga wancan ƙarshen. Burodi ne ke yawo a tsakaninsu daga hannu zuwa hannu. Kowa ya karɓa sai ya gutsura kaɗan ya miƙa gaba, ba mai sa ido, ba mai ɓoyewa a riga. Mutanen da suka kwana da yunwa ne, amma Sufeto ya ga wani dattijo ya karɓa, ya shinshina, ya miƙa wa matar da ke kusa da shi bai taɓa ba.

Sufeto ya tambayi wani tela daga ina burodin yake zuwa. Telan ya ce daga Allah. Ya tambayi wata malama, ta ce ita ma abin da ta ji ke nan. Dandalin gaba ɗaya ya haɗa baki a kan ƙarya guda, kuma ba wanda ya yi ta da rawar murya.

Sannan wata mata ta miƙo masa guda cikakke, ta ce ai ku ma albashinku yana cikin ginin nan. Gaskiya ta faɗa. Ya karɓa, ya juya shi, sai ya tsaya cak. A gefe ɗaya akwai wani ɗan tsiro na ƙullu, kamar kan babban yatsa, ya gasu ya yi ja.

Saje ta tambaye shi lafiya. Ya ce mata lokacin yana ƙarami, gidan burodi ɗaya ne a garin ke yin wannan. Kunnen ɗan aike ake ce masa. Mai gashin ta san duk yaron da aka aika sayen burodi sai ya ɗan ci a hanya, ya je gida ya sha duka. Sai ta riƙa yi wa kowane burodi kunne, rabon ɗan aike, ya ɓalle ya ci, burodin ya isa gida lafiya. Da ɗanta ya karɓi gidan ya kawo injina, abin da ya fara sokewa ke nan, wai asara ce.

"Ɗan nata wa?" in ji Saje.

"Gobe-Ka-Dawo."

Daga baya Saje ta ce tun da ake turo su gadin dandalin, ita da sauran 'yan sanda burodin nan suke karyawa da shi. Sufeto ya ce to ta riƙe bakinta, kada ta ƙara masa yawan waɗanda ake tuhuma.

Gidan tsohuwar yana bayan gidan burodin, katanga ɗaya ta raba su. Suka tafi da mai ƙarar, yana ta faɗin ɓata lokaci ne, mahaifiyarsa ko tsakar gida ba ta iya fita. Suka same ta a kwance a kan gado, an lulluɓe ta har wuya, tana nishi. Ta ce idonta ba ya gani sosai, kunnenta ma sai a hankali, ba ta san komai game da wata fulawa ba.

Sufeto ya gaishe ta da ladabi, ya nemi izinin zagayawa baya. Can ya tarar da tsohuwar tandar bulo, an jingina mata kwanon rufi da tarkace kamar an manta da ita. Ya tsugunna ya ɗora tafinsa a jikin bulon. Da ɗumi. A ƙarƙashin rumfa ga buhunan fulawa babu komai ciki, an kakkaɓe, an ninke su a tsare. Ga kuma babban kwami an rufe da farin ƙyalle, ƙullu yana ta tashi a ƙarƙashi.

Ya dawo ɗakin ya ajiye burodin a gefen gadon.

"Inna, na ci kunnen nan tun ban kai tsayin teburinki ba."

Tsohuwar ta dubi burodin da idon da ta ce ba ya gani. Nishin ya tsaya. Ta yaye lulluɓin ta tashi zaune, sai ga damatsa irin na mai aiki, fulawa a ƙarƙashin kowane farce.

"Na ce wa hannun nan ya bari," in ji ta. "Kullum ina ce masa. In na juyo sai in ga ya riga ya yi."

Ɗanta ya jingina da bango, bakinsa a buɗe.

Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ta taga take jin mutanen da ta ciyar da iyayensu suna wucewa zuwa dandali da ciki a ɗaure, ita kuma ta san abin da ke bayan katanga yana jiran ƙwari. Ta roƙi ɗanta ya buɗe, ya ce gobe. Sai ta kira direban, wanda ta riƙe tun yana maraya, ta ce ya buɗe mata siton. Bai taɓa ce mata a'a ba. Gidan kuwa ta san ta sa hannu ta mallaka wa ɗanta tuntuni, saboda haka ba ta kira abin da wani suna ba. Ta ce sata ce, ita ta yi.

Ta tambayi ina direban yake, bai kawo itace ba yau. Da Saje ta gaya mata, fuskarta ta canza. Ta juya ga ɗanta.

"Ɗan'uwanka ka kai?"

Gobe-Ka-Dawo ya fara roƙon Sufeto, ya ce ya janye ƙarar, a bar maganar a gida. Sufeto ya gaya masa gaskiya, laifin dokar ta-ɓaci ba ya janyuwa, kuma ɓoye abinci ma yana cikin dokar. Sai wani ya tsaya a gaban alƙali gobe. Tsohuwar ta riga ta fara neman takalmanta.

Sufeto bai fito da ankwa ba. Saje ce ta riƙe mata hannu.

Zuwa lokacin an toshe sauran hanyoyin, babu hanyar ofis sai ta dandali, kuma mota ba ta iya ratsa taron, dole suka sauka. Sufeto ya ji tsoro, don ya san abin da taro ke yi idan aka taɓa nasa. Wani ya hango tsohuwar ya miƙe. Na kusa da shi ya miƙe. Haka abin ya bi dandalin har ƙarshensa, dubban mutane suna tashi ba tare da kalma ɗaya ba, suna darewa suna buɗe hanya. 'Yan sandan da ke gadin banki ma suka sauke garkuwarsu. Babu abin da ake ji sai jan takalmin tsohuwar a kan kwalta. Sufeto ya ga an raka manyan mutane da jiniya, amma bai taɓa jin ƙanƙantarsa irin ta wannan tafiya ba. Bai san lokacin da ya cire hularsa ba.

A ofis aka buɗe wa direban. Da ya gan ta a gaban kanta sai ya durƙusa yana kuka, ya ce ba zai fita ba, shi ya sata.

"Tashi, kai ko ƙarya ba ka iya ba," in ji ta. "Na bar ƙullu a rufe. In ka tsaya kuka zai yi tsami."

Ya ce an karɓe makullin daga hannunsa, kuma shi wuta kawai ya iya, bai iya yankan ƙullu ba. Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa. Gobe-Ka-Dawo ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya zaro makullin siton ya sa a tafin direban, ya fara naɗe hannun rigarsa.

Saje ta kama hannunta za su shiga ciki. Tsohuwar ta waiwayo ta dubi ɗanta.

"Na ƙurya za ku fara ɗauka," in ji ta. "Kuma ka yi musu kunne."