Abokin Nutso

A kasuwar kayan gwari ta Aziziya da ke birnin Riyad Bilƙisu ta fara ganinsa, ranar da ta kawo wa Babanta abincin rana. Yana tsaye yana zaɓen lemon tsami, rana ta ƙone masa fuska ta bar wani zagaye mai haske a gefen idanunsa. Ta yi ta danne dariya, dariyar ta ƙi dannuwa.

Zayyanu bai ji haushi ba, ya ce shaidar gilashin nutso ce. A wani sito da ke unguwar Sulay yake aikin cika tulunan iska na masu nutso, da ya samu hutu kuwa sai Jidda, ya shige ƙarƙashin Bahar Maliya.

"A Riyad ɗin da ko kududdufi babu ka zama ɗan ruwa?" in ji ta. Sunan ya bi shi tun daga ranar.

Yadda lambarta ta kai hannunsa, wannan sirrinsu ne. Saƙo dai bai ƙara yankewa ba.

"Bilkina, yau na sauka kan jirgin nan da ya nutse. Ba zurfi, rana na haska shi kamar tsakar gida. Murjani ya lulluɓe ƙarafunansa, kifaye jajaye da masu ruwan ɗorawa suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa. Ke kaɗai na rasa."

"Ɗan ruwana, ka dai fito lafiya. Tun safe nake riƙe da numfashi tare da kai."

Da maganar aure ta kai kunnen Malam Maiwada, sai ya murtuke fuska ya ce faufau, ba zai ba mai wasa da ruwa 'yarsa ba. Ga Ridwan nan, ɗalibin jami'a mai natsuwa, ƙafarsa a kan tudu. Ba mugunta ba ce. Ƙanen Malam, Sha'aban, ya yi nutso a kogin Yawuri don ya kwance koma, bai sake fitowa ba. Tun daga nan Malam ko kwalekwale bai ƙara shiga ba.

Bilƙisu ta daina cin abinci, Ummanta ta yi ta lallashi, har Malam ya yarda in sun gama umara su biya Jidda ya gani da idonsa. In abin bai kwanta masa ba, a rufe zancen.

Ran nan ƙaramin jirgi ya tsaya da su daidai kan tsohon jirgin, ana hango inuwarsa a ƙasa. Murna ta hana Bilƙisu zama. Zayyanu har ya goya tulu, sai abokin nutsonsa ya ce mura ta toshe masa kunne, ba zai iya sauka ba. Zayyanu ya kwance tulun ya ajiye.

Bilƙisu ta matso kusa da shi. Ta raɗa masa cewa ruwan ai ba zurfi, maza ya shiga kawai, Baba na kallo. Zayyanu ya girgiza kai, duk da ya san abin da zai iya rasawa.

Malam ya tambaye shi ko tsoro ya ji.

"Baba, ba a nutso mutum ɗaya, ko ruwan iya wuya ne. In iskata ta ƙare, ta abokina zan shaƙa."

Malam ya dubi ruwan.

"Sha'aban shi kaɗai ya shiga," ya ce a hankali.

Sai ga dattijo yana tuɓe babbar riga, wai a ba shi rigar da ke hana nutsewa da gilashin. Ya kwanta a saman ruwa, ya ƙanƙame hannun Zayyanu kamar za a ƙwace masa shi. Bai jima ba ya ɗago yana haki yana salati, yana kiran Umma ta leƙo ta ga ikon Allah, wai ga wani kifi shuɗi ya tare ƙofar jirgi abinsa. Da ƙyar aka fito da shi.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a unguwar Dira ta Riyad. Ridwan ma ya zo ya yi addu'a. Sharaɗi ɗaya Malam ya kafa, wato ango ya koya wa amarya nutso yadda ya kamata.

Ranar da Bilƙisu ta fara sauka kan jirgin, kumfa na tashi daga bakinta, hannunta na cikin na mijinta. A sama Malam na riƙe da carbi, bai ɗauke ido daga ruwan ba sai da kawuna biyu suka ɓullo tare.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce, yana share ido da bakin hirami. "Kullum ku fito tare."