Kintinkirin Amarya

"Ƙarya kike yi, Dorcas!"

Keziah ce ta faɗi haka, a ƙofar cocin ƙauyensu da ke tsaunukan Yorkshire a Ingila, ana tsaka da bikin yayarta.

Dorcas, 'yar mai injin niƙa, ta taɓe baki. "To zauna nan. Jiya Jabez ya rantse min in ya ci tseren, a gashina zai ɗaura kintinkirin."

Al'ada ce, in an ɗaura aure samari su yi tsere zuwa gidan amarya. Wanda ya riga kowa ya karɓi kintinkirin silikinta na ɗaure gashi, ya miƙa wa yarinyar da zai aura a bainar jama'a. Kakar Keziah ba ta kiransa da sunan 'yan zamani, sai riband, sunan da ta ce daga Faransa ya tsallako teku tun kaka da kakanni.

Da ƙyar baban Keziah, wanda ya tsani makiyayin tumaki ya zama surukinsa, ya yarda cewa in saurayinta Jabez ya ci, a yi aurensu.

Jabez ya matso yana cire takalmi. "Kezzy tawa, sa ni a addu'a..."

"Je ka Dorcas ta yi maka!"

Bai samu damar tambaya ba aka buga ƙararrawar fara tsere.

Shi ya ci kuwa. Ya dawo yana haki, ƙafarsa na zubar da jini, ya durƙusa ya miƙa mata shuɗin kintinkirin.

Kishi bai bar ta ta ga jinin ba. Ta harɗe hannu, ta kau da kai.

"Karɓi, ja'ira!" Kaka ta mintsine ta. "Riband ɗin da aka ƙi, ba a sake miƙa shi!"

Keziah ta ƙi karɓa.

"Kun dai gani," in ji babanta, har da murmushi. "Ba ni na hana ba."

Dorcas ta miƙo hannu tana fari. "Kawo nan, Jabez."

"Ke kuma a wa? Rabona da yi miki magana tun girbin bara!"

Sai a lokacin Keziah ta gane ƙarya Dorcas ta yi.

"Jabez... wayyo, masoyina, ba ni... don Allah ba ni!"

Ya kalle ta, idonsa jajir. Sannan ya miƙe, ya mayar wa amarya kayanta.

"A gaban kowa na durƙusa miki, Kezzy. A gaban kowa."

Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya nufi tsauni yana ɗingishi. Ta yi ta kiran sunansa har muryarta ta dishe, bai waiwayo ba.