Ruwan Zafi a Gadon Kara

Mu a Goteye, idan zafi ya shigo, a rumfar tsakar gida muke wuni. Amma a shekarar nan gizo-gizo suka ƙwace mana gadon kara da kujerun igiya. Na share, na shafa kananzir, na yi hayaƙin ganyen darbejiya. Gari na wayewa yanarsu ta dawo. Ranar da tautau ya yi wa 'yata Zalika fitsari a wuya, raina ya ɓaci, na ɗora tukunya.

Ruwan bai tafasa ba sai dab da magariba. Hadiyo, kakar mijina, tana alwala.

"Gambi, ba a zuba ruwan zafi a wannan lokaci. Bari sai da safe."

"Kaka, gizo-gizo ne fa, ko danginki ne?"

Na kwara wa gadon ruwan ta ƙasa.

Kwaɗin bakin kogi suka yi tsit gaba ɗaya. Wari ya taso, ba na jiƙaƙƙen kara ba, na ƙonannen gashi. Sai kukan jariri daga ƙarƙashin gadon, siriri, yana shiɗewa. Babu jariri a gidanmu.

Na so in gudu, ƙafafuna suka ƙi.

Wata murya ta raɗa a bayan kunnena, numfashinta da sanyi.

"Barci yake yi."

Zalika tana kan kujera, rogo a hannunta. Ina kallo zare ya sauko daga rumfa, fari, ya naɗe mata ƙafa. Wani zaren ya sauko. Ya kai ƙirji.

Na kira sunanta.

Zaren ya kai baki.

Ta dube ni.

Kaka ce ta rarrafo, tana jan ayatul kursiyyu. Ta yage yanar da farce, ta fizge yarinyar, ta tura mu ɗaki.

"Kada ki waiwaya," ta ce a hankali.

Tun daga ranar Zalika ba ta sake magana ba. Mun je wurin malamai, mun je asibiti a Yamai, an ce lafiyarta lau. Mun bar gidan ma.

Tana ci, tana wasa, har tana dariya. Amma duk magariba sai ta matsa gefen tabarma, ta buɗe hannuwa, ta karɓi wani abin da ba na gani. Ta rungume shi, tana hura masa iska a hankali, kamar yadda ake hura wa ƙuna.